Bakin Mai Kaya da Bakin Mai Gwaji: Wa Ya Kamata Ya Faɗi Darajar Haja?

Kowane ciniki yana tsayawa ne a kan tambayoyi biyu, wato nawa ne kuɗin kaya da kuma wane irin kaya ne, kuma ko da yake ta farkon ce ake ɗaga murya a kanta a kasuwa, ta biyun ce ke yanke hukunci a ɓoye, domin farashi ba ya da ma'ana sai an san matsayin abin da aka yi wa shi. Abin da ake nufi da daraja a wannan sharhi shi ne matakin da ake ajiye haja a kai idan an gwada ta da 'yan uwanta: masara busasshiya ce ko mai danshi, auduga lamba ɗaya ce ko lamba biyu, zinare tsantsa ne ko gauraye. Bakuna uku ne ke iya faɗin wannan mataki. Akwai bakin mai kaya, wanda ya fi kowa sanin abinsa amma yake cin riba idan an ɗaga shi. Akwai bakin mai saye, wanda ribarsa ke cikin kushewa. Sannan akwai bakin wani na uku da ba ya saye ba ya sayarwa, aikinsa ya duba ya faɗa, wanda za a riƙa kira mai gwaji a nan. Garin Dogon Dawa, da ke gabashin ƙaramar hukumar Birnin Gwari ta jihar Kaduna a kan hanyar da ta nufi Funtuwa, wuri ne da ya dace a auna wannan tambaya a kansa, saboda abin da ƙasar Birnin Gwari ke fitarwa, hatsi da dabbobi da zinare, duk kaya ne da ɗan bambancin daraja ke jawo wa babban bambancin kuɗi, kuma yawancin masu su ba su da ta cewa a wurin da ake yanke darajar.

Kafin a shiga wannan kasuwa yana da amfani a leƙa wata mai nisa wadda tambayar ta fito fili a cikinta fiye da ko'ina, wato kasuwar tsofaffin mujallun labarin zane a Amurka. Waɗannan ƙananan littattafai ne da ake ba da labari a cikinsu ta hanyar zane-zane jere da juna, an buga su a kan takarda mai araha domin yara su karanta su yar, shi ya sa kaɗan ne suka tsira da lafiyarsu, kuma ƙarancin nan ne ya mayar da su dukiya. Fitowar farko ta mujallar Action Comics, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta a shekarar 1938, 'yan watanni kafin a fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, santi 10 aka sayar da ita, amma a watan Afrilu na 2024 an yi gwanjon kwafe guda nata a kan dala miliyan 6. Labarin da ke cikin kowane kwafe iri ɗaya ne, zanen ma haka. Abin da ya raba kwafen miliyoyi da wanda bai kai rabin rabinsa ba shi ne lafiyar takardar, wato ko bangon ya karye, ko kusurwa ta lanƙwashe, ko launi ya koɗe, ko ƙusar da ta ɗinke shafukan ta yi tsatsa.

Shekaru da dama mai kaya ne ke faɗin darajar littafinsa. Tun daga 1970, lokacin da Robert Overstreet ya fara fitar da kundinsa na farashin irin waɗannan mujallu, kasuwar ta samu jerin kalmomi da ake siffanta lafiyar littafi da su, daga wanda yake kamar yau aka buga shi har zuwa wanda ya ragargaje, sai dai kalmomi suna miƙewa a bakin mai sayarwa kamar danƙo. Abin lura ne cewa kalmar da ma'anarta ita ce "mai kyau" a wannan jeri tana can kusa da ƙasa, daidai da maki 2 cikin 10, ta yadda baƙon kasuwa zai iya jin an ce littafi mai kyau ne ya ɗauka ya sami abin kirki. Ga shi kuma yawancin cinikin ta gidan waya ake yi, daga baya ta intanet, mai saye bai taɓa kayan da hannunsa ba, ga kuma masu gyara a ɓoye, waɗanda ke cike inda launi ya goge da alƙalami, ko su datse gefen da ya tsufa da reza, su sayar a matsayin wanda ba a taɓa ba. A shekarar 2000 kamfanin CGC, wanda hedikwatarsa ke Sarasota a jihar Florida, ya fara aikin mai gwaji: a aika masa littafi, ma'aikata fiye da ɗaya su duba shi, a bincika ko an yi masa gyara, a ba shi maki tsakanin 0.5 da 10, sannan a rufe shi ruf a cikin akwatin roba mai haske da takardar shaida a samansa, shuɗiya ga wanda ba a taɓa ba, mai launin shunayya ga wanda aka gyara. Kwafen nan na dala miliyan 6 maki 8.5 yake ɗauke da shi.

Dalilin da ya sa kasuwa ta rungumi wannan tsari bai tsaya ga tsoron maƙaryata ba. Mai kaya mai gaskiya ma idonsa yakan karkata, domin wanda ya sha wahalar abu, ko ya biya shi da tsada, yakan ga aibinsa ƙarami ya ga kyansa babba, ba tare da ya yi niyyar cutar kowa ba. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya bayyana illar wannan a wata maƙala da ya fitar a 1970 a kan cinikin motocin hannu, wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Bayaninsa shi ne, idan mai saye ba zai iya bambance nagari da mugu ba, to zai taya kowane kaya a kan matsakaicin farashi don ya kare kansa. Mai nagarin kaya zai ga an taya masa ƙasa da abin da ya cancanta ya janye, ko ya daina wahalar gyara kayansa. Sai kasuwa ta cika da marasa kyau, farashi ya ƙara faɗuwa. Duk manomin da ya taɓa shanya masararsa sosai, ya sheƙe ta ya tsince tsakuwa, sannan aka saye ta kuɗi ɗaya da ta maƙwabcinsa da bai yi ko ɗaya ba, ya san wannan bayani tun kafin a rubuta shi, kuma baɗi da wuya ya sake wannan wahala.

Amma mai gwaji shi ma mutum ne, kuma shigowarsa ba ta kawar da buƙatar amana, sai dai ta ɗauke ta daga wuyan mai kaya ta ɗora a nasa. A kasuwar mujallun sanannen abu ne cewa littafi ɗaya yakan iya samun maki daban idan aka fasa akwatinsa aka sake aika shi, har wasu suka mayar da wannan sana'a, suna goge littafi da zafi don ya miƙe, suna sake gwada sa'a, saboda tazarar da ke tsakanin 9.6 da 9.8, wadda ido da ƙyar yake gani, sau da yawa takan ninka kuɗi. A ƙarshen 2023 masu tara mujallun da kansu suka gano cewa ana buɗe akwatunan ana musanya littafi mai babban maki da wanda bai kai shi ba, ana mayarwa kamfanin don ya sake rufewa, kuma kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi ɗaruruwan littattafai. Littafin da aka rufe kuma ba a iya karanta shi sai an fasa akwatin, don haka mai saye lamba yake saye, kuma idan lambar ta yi ƙarya ba shi da hanyar ganewa. Matsala mafi zurfi ita ce ta wanda ke biyan mai gwaji. Mai kaya ne ke biya, kuma kuɗin gwajin yana hawa gwargwadon tsadar littafin. Duniya ta ga inda irin wannan ke kaiwa a rikicin kuɗi na 2008, lokacin da kamfanonin da ke auna ingancin takardun bashi, waɗanda masu fitar da takardun ne ke biyan su, suka ba ruɓaɓɓun basussuka shaidar lamba ɗaya, har a 2015 kamfanin Standard & Poor's ya biya fiye da dala biliyan 1 don sasantawa da hukumomin Amurka.

Kasuwar ƙasar Hausa ta daɗe da nata maganin wannan matsala, kuma kuskure ne a ɗauka ba ta da tsari don kawai ba ta da takarda. Maganinta na farko shi ne gani da ido, domin gani ya kori ji: mai sayen hatsi yakan nutsa hannu har ƙasan buhu, ko ya soka masa ƙarfen nan mai tsini mai rami a ciki ya zaro ƙwayoyi daga tsakiya, ya jefa ɗaya a baki ya ciza, in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa da sauranta. Na biyu shi ne dillali. A kara, wato kasuwar shanu, dillali ne ke buɗe bakin sa a ga haƙora don a san shekarunsa, shi ne ya san wanda ya kawo dabbar da rugar da ta fito, kuma shi ne za a kama idan daga baya ta tabbata ta sata ce, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne a ƙasar da satar shanu ta ɗaiɗaita. Dillali mai gwaji ne ta wata fuska, amma ba cikakke ba, domin la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, saboda haka zuciyarsa tana wajen a sallama. Abin da ke riƙe shi a kan gaskiya shi ne sunansa, wanda shi ne jarinsa duka, da kuma sanin cewa mako mai zuwa da waɗannan mutanen zai sake haɗuwa, ga Sarkin Kasuwa da Sarkin Dillalai da za a kai ƙara wurinsu.

A bayan wannan duka akwai shari'a. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sannan ya barranta daga mai algus, wato mai ɓoye mugun kaya a cikin nagari. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, sun kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa, kuma idan aka yi jayayya a kan ko aibin tsoho ne ko a hannun mai saye ya faru, alƙali yakan koma ga masana wannan haja su duba su faɗa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hisba, wadda sa ido a kan mudu da ma'auni yana cikin ayyukanta. Ke nan fikihu ya san mai gwaji tun da daɗewa, sai dai ya ajiye shi a ƙarshe, lokacin da rigima ta tashi, alhali tsarin zamani ya jawo shi gaba, kafin kuɗi su fita daga aljihu. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin haƙƙin mayar da kaya yana amfani ne ga wanda zai iya komawa ya sami mai kayan, kuma buhun da ya bar Dogon Dawa ya isa Dawanau a Kano ko wata masana'anta a kudu ya riga ya ratsa hannaye da yawa har ba a san gonar da ya fito ba.

Arewa ta taɓa rayuwa a ƙarƙashin cikakken tsarin mai gwaji, kuma dattawan yankin auduga, wanda ya haɗa kudancin Katsina da arewacin lardin Zazzau har zuwa Gusau, suna tune da shi. Ƙungiyar Turawan Ingila mai haɓaka noman auduga, wadda aka kafa a 1902 kuma Hausawa suka riƙa kira Bisije, ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa, aka kuma shigo da irin auduga na Amurka mai suna Allen. Ba a sayar da wannan auduga sai a fuloti, wato kasuwar da hukuma ta keɓe, inda malamin auduga zai zazzage kaya ya duba ya ce lamba ɗaya ce ko ta biyu ko ta uku, gwargwadon farinta da tsabtarta daga ganye da ƙasa da tabon ƙwari, sannan a ɗora a sikeli a biya bisa farashin da aka sanar wa kowace lamba. Daga 1949 hukumar cinikin auduga ce ke yanke farashin, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Amfanin tsarin a bayyane yake, domin iyali sun san cewa zaman da suka yi a tsakar gida suna tsince audugar da ta yi tabo zai koma kuɗi. Amma bai kamata a yi masa ado fiye da kima ba. An gina ma'aunin ne a kan buƙatar masaƙun Lancashire da ke Ingila, farashin hukuma sau da yawa yana ƙasa da na kasuwar duniya, a farkon zamanin ma masaƙan Kano sukan taya fiye da Bature, kuma koke a kan malaman da ake sa wa wani abu a hannu kafin su ce lamba ɗaya ba baƙon abu ba ne. Mai gwajin da gwamnati ta naɗa, kuma gwamnatin ce mai saye ita kaɗai, ba na uku ba ne a haƙiƙa.

Da aka rushe hukumomin ciniki a 1986, a zamanin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, sai aka zubar da gwajin tare da su, kuma abin da ya biyo baya ya gaskata bayanin Akerlof. 'Yan kamasho suka shiga ƙauyuka suna saye ba lamba, wasu masu kaya suka koyi yayyafa ruwa da zuba yashi don nauyi, aka koma ɗura auduga a buhunan leda waɗanda zarensu ke shiga cikinta ya ɓata rini a masaƙa, sunan audugar Nijeriya ya zube. Hatsi ma bai tsira ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos, wanda shi ne ke cikin irin maganin ƙwarin da ake kira fiya-fiya, da wasu masu ajiya ke zuba wa wake don kada ya yi ƙwari. Wannan aibi ne da haƙori ba ya ji, ido ba ya gani, haka ma afulatoksin, gubar da fumfuna ke bari a jikin masara da gyaɗar da aka adana da danshi, wadda ke lahanta hanta. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma gaskiya ne a kan tsakuwa da ƙaiƙayi, amma akwai aibobin da suka fi ƙarfinsa, kuma a kansu maganar mai kaya, ko da waliyyi ne, ba ta wadatarwa, domin shi kansa bai sani ba.

A nan ne halin Dogon Dawa ya bambanta da na kasuwar mujallu, kuma wannan bambanci shi ne zuciyar al'amarin. A Amurka mai kaya ne ke da ƙarfi, shi ke ɗaga daraja, mai gwaji ya zo don ya kare mai saye. A ƙauyen Birnin Gwari mai saye ne ke riƙe da sikeli da kuɗi da mota, kuma shi ne ke faɗin daraja. Manyan masu sayen masara, irin masana'antun abincin kaji, suna da na'urar auna danshi a ƙofarsu, suna neman hatsin da danshinsa bai wuce kashi 13 zuwa 14 cikin 100 ba, suna zaftare kuɗi ko su mayar da mota idan ya wuce. Ɗan sarin da ya san haka yakan zaftare nasa tun a ƙauye, a kan kowane buhu, busasshe da ɗanye, don ya kare kansa. Shekarun rashin tsaro sun ƙara tsananta wannan. Lokacin da hanyoyin Kaduna da Funtuwa suka zama abin tsoro, baƙin 'yan kasuwa suka rage zuwa, ciniki ya koma ta waya da hoton WhatsApp, masu saye suka yi kaɗan, kuma manomin da ya fito da amfaninsa da ƙyar, wani lokaci bayan ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe, ba ya cikin halin da zai ce a bar masa kayansa. Sulhun da gwamnatin jihar Kaduna ta Uba Sani ta ƙulla da 'yan bindiga, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamban 2024 bayan shekaru tana rufe, ya dawo da masu saye, amma bai sauya wanda ke riƙe da ma'auni ba.

Babu hajar da wannan ya fi bayyana a kanta kamar zinare, wanda ake haƙa a ƙasar Birnin Gwari tun zamanin Turawa. Ana auna tsarkinsa da karat, inda karat 24 ke nufin tsantsa, 22 ke nufin kashi 916 cikin 1000, 18 kuma kashi 750, sauran azurfa ne ko jan ƙarfe. Mai haƙa yakan daka dutse, a niƙa, a wanke, a kama ƙurar zinaren da zaiba, a ƙona zaibar ta tashi, a bar ɗan dunƙule mai huji-huji kamar soso, wanda zai kai wa mai saye da ke zaune da ƙaramin sikelin batir. Mai sayen ne zai auna, shi ne zai ce karat nawa ne, kuma sau da yawa shi ne ya ba da kuɗin abinci da man inji tun farko bisa sharaɗin shi za a sayar wa. Lissafin a sarari yake: giram 10 na karat 22 yana ɗauke da tsantsar zinare giram 9.17, amma idan aka kira shi karat 20 za a biya kuɗin giram 8.33 ne kawai, wato kalma ɗaya ta cinye kusan giram guda na gumin mutumin da ya shiga rami. Hanyoyin gwajin da ake da su kowace tana da iyaka. Goga zinare a baƙin dutse a ɗiga ruwan asid fatar waje kawai yake nunawa. Auna shi a iska sannan a cikin ruwa ya dogara ne a kan cewa zinare ya fi ruwa nauyi sau 19.3, azurfa kuwa sau 10.5, amma dunƙulen da ba a narke ba yana riƙe iska a hujojinsa, sai ya nuna ƙasa da gaskiyarsa, kuma kuskuren kullum a kan mai haƙa yake faɗawa. Gwajin wuta, inda ake narka ɗan yanki a raba zinaren da sauran ƙarafa a sake aunawa, shi ne mafi inganci, sai dai yana buƙatar ɗakin gwaji.

Ƙasashen da suka daɗe da cinikin ƙarafa masu daraja ba su bar wannan a bakin kowane ɓangare ba. Ingila ta kafa dokar buga hatimi a kan azurfa tun 1300, Indiya kuma ta wajabta hatimin tsarki a kan kayan adon zinare daga 2021. A Nijeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi cibiyoyin sayen ma'adinai masu lasisi, hukumar binciken ƙasa tana da ɗakunan gwaji a Kaduna, kuma a watan Yulin 2020 an gabatar wa Shugaba Buhari sandar zinare mai nauyin kilo 12.5 da aka tace daga haƙar ƙananan masu haƙa, wadda Babban Banki ya saya a kan naira miliyan 268. An tabbatar da tsarkin wannan sanda bisa ma'aunin kasuwar Landan kafin bankin ya biya. Abin takaici ne a ce gwaji yana nan a saman tsani, inda masu ƙarfi ke ciniki da masu ƙarfi, amma babu shi a ƙasa, inda yaro ɗan shekara ashirin ke miƙa dunƙulensa ga wanda yake bin sa bashi.

Ba kowane ciniki ne ke buƙatar mai gwaji ba, kuma ko a Amurka ba a kai littafin da kuɗin gwajinsa ya fi kuɗinsa. Tiya biyu ta dawa tsakanin maƙwabta, ko akuyar da aka saya a hannun wanda ake sallah sahu ɗaya da shi, maganar mai kaya da idon mai saye sun isa, kuma cusa takarda a tsakaninsu ɓata zumunci ne da ƙarin kuɗi. Buƙatar tana tasowa ne idan tazara ta yi nisa, ko aibin ya ɓuya ga ido, ko ɗan bambanci ya zama kuɗi mai yawa, ko ɗaya ɓangaren ya fi ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma masara mai tafiya masana'anta da zinaren ramukan Birnin Gwari sun haɗa waɗannan duka. Abin da tarihin fuloti da na akwatunan roba suka nuna shi ne sharuɗɗan da mai gwaji zai cika kafin a ba shi amana. Ladansa ya zama ƙayyadadde a kan kowane buhu ko kowane gwaji, kada ya hau ko ya sauka da lambar da ya bayar, kuma kada ya kasance yana saye ko yana da ɗan kamasho a kasuwar. Ma'auninsa ya zama rubutacce da Hausa, a manne inda kowa zai gani, gwajin kuma a yi shi a gaban mai kaya da mai saye, lambar na'ura tana kallon su biyun. Wanda bai gamsu ba ya sami inda zai ɗaukaka ƙara a sake aunawa, kuma mai gwajin da aka kama da ha'inci ya biya asarar ya rasa kujerarsa.

Akwai masu ganin cewa wannan aikin gwamnatin tarayya ne, tunda sashen awo da ma'auni yana ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya, amma jiran Abuja ta aiko ma'aikaci kowace kasuwar ƙauye jira ne mai tsawo, kuma kasuwannin hajoji na zamani irin AFEX, masu karɓar hatsi su auna su ba da takardar ajiya, ba su kai ko'ina ba. Sikeli mai hatimi da na'urar auna danshi ba su fi ƙarfin ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar gari guda ba idan suka haɗa hannu, kuma masarautar Birnin Gwari da ƙaramar hukuma suna da ikon da za su sa Sarkin Kasuwa ya keɓe rumfa ɗaya, a zaɓi mutumin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, a yanka masa lada. Na zinare ya fi wuya, domin yana buƙatar gwamnatin jihar Kaduna da ma'aikatar ma'adinai su kawo wurin narkawa da gwaji kusa da masu haƙa, wanda ba na mai saye ba. Amma na hatsi ana iya fara shi a kaka mai zuwa, kuma ya kamata shugabannin kasuwar Dogon Dawa su zauna a kansa tun kafin masara ta bushe a gona.